Garaɓasar Bankuna: Kyauta Ce, Ko Kuɗin Ruwa Ne a Cikin Sabuwar Riga?

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, tambayoyi sun yawaita gare mu daga Jega da Aliero da Maiyama a kan wani al'amari da ya shigo kasuwanninmu da gidajenmu, watau kyaututtuka da garaɓasar da bankuna da kamfanonin ajiyar kuɗi ta waya suke yi wa mutane domin su buɗe asusu a wurinsu, ko su ɗebe kuɗinsu daga wani banki su maido musu. Wani ya ce an yi masa alkawarin 'yan dubbai idan ya buɗe asusu, wani ya ce an shaida masa idan ya bar kuɗinsa wata uku zai shiga ƙuri'ar cin miliyan, wani kuwa ɗalibi ne da ake ba shi lada a kan kowane mutum da ya jawo. Tambayar dai guda ce: shin wannan kuɗi ya halatta, kuma yaya mutum zai amfana da wannan gasa ta bankuna ba tare da ya cuci addininsa ko aljihunsa ba?

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, kada Musulmi ya dubi girman kyauta, ya dubi dalilin da ya sa aka ba shi ita. Duk wanda ya san abin da aka biya shi dominsa, to ya san hukuncin abin da ya karɓa.

YADDA AL'AMARIN YA ISO MU

Mutanen wannan yanki ba baƙin kasuwanci ba ne. Kasuwar Jega ta yi suna tun a ƙarni na 19, fatake suna sauka a cikinta daga kudu da arewa. Albasar Aliero tana cika manyan motoci zuwa Legas da Anacha da Fatakwal, manoman Maiyama kuwa ga shinkafa ga gero ga dawa. A da, ɗan kasuwa yakan ɗauro kuɗinsa a ƙugu ya hau mota, zuciyarsa na dukan uku-uku har ya iso gida. Da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na shekarar farko ta mulkin Shugaba Buhari, watau 2015, manoma da yawa suka buɗe asusu domin sai da shi ake shiga shirin. Sa'an nan canjin takardun naira da aka yi shelarsa a ƙarshen 2022, da ƙarancin tsabar kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023, suka tilasta wa mai shayi da mai kayan miya da mai sayar da akuya su nemi lambar asusu. Daga nan masu POS suka cika kowace kwana, sunayen OPay da Moniepoint da PalmPay suka zama sanannu kamar sunayen manyan bankuna.

To, da masu neman ajiyar talaka suka yi yawa, sai gasa ta tashi a tsakaninsu. Wannan kuwa ba a ƙasarmu aka fara ba. A Ingila, tun shekarar 2013 aka kafa tsarin da mutum zai sauya banki cikin kwanakin aiki 7, bankuna kuma sukan biya mai sauyawa fam 100 ko fiye don ya zo wurinsu. A nan Nijeriya abin ya fi zuwa ta hanyar ƙuri'a, irin su DiamondXtra na bankin Access da GAIM na bankin Fidelity, da kuma ladan jawo sabon mutum, da rangwamen katin waya.

Wajibi ne mu tambayi kanmu: me ya sa banki, wanda ba gidan sadaka ba ne, zai ba talaka kyauta? Amsa ita ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin da muke ajiyewa ba a kulle yake a akwati da sunanmu ba. Banki yana juya shi, yana ba wasu rance da shi, yana saya wa kansa takardun bashin gwamnati, yana cin moriya. Ajiyar da ba a biya wa mai ita kome, ko ake biyan sa kaɗan, ita ce jari mafi araha ga banki. Don haka ɗan abin da ya miƙo maka, ƙoto ne a bakin ƙugiya.

AJIYAR BANKI AMANA CE KO RANCE?

A nan ne asalin mas'alar take. Sau da yawa muna cewa "na kai ajiya banki", sai mu ɗauka daidai take da buhun gero da mutum ya ba maƙwabcinsa amana. Alhali kuwa akwai bambanci. Mai riƙon amana ba ya taɓa abin da aka ba shi, kuma idan ya salwanta ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa. Banki kuwa yana amfani da kuɗinka da saninka, kuma ya lamunce zai biya ka daidai abin da ka ba shi duk lokacin da ka nema. Wannan ita ce siffar rance a wurin malaman fiƙihu. A kan haka ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke, a zamanta na Abu Dabi a 1995, cewa kuɗin da ke cikin asusun da ake cira duk lokacin da aka so rance ne daga mai asusu zuwa ga banki, ko bankin na Musulunci ne ko ba na Musulunci ba.

Ashe ke nan manomin albasa da ya zuba kuɗinsa a banki, shi ne mai bin bashi, banki kuwa shi ake bi. Malamai kuma sun haɗu a kan cewa duk rancen da aka sharɗanta wa wani ƙari ga mai ba da shi, wannan ƙarin haramun ne, ko da me aka kira shi. Mu lura da kyau, domin harshenmu yana iya ruɗa mu: abin da Bahaushe yake kira riba, watau ƙarin da ɗan kasuwa ke samu a kan uwar kuɗinsa, halal ne tsarkakakke. Abin da Allah (SWT) Ya haramta, har Ya yi shelar yaƙi da wanda ya ƙi barin sa a ƙarshen Suratul Baƙara, shi ne kuɗin ruwa, watau ƙari a kan bashi.

Imam Buhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Salam (RA) ya gargaɗi Abu Burda da cewa yana zaune ne a ƙasar da kuɗin ruwa ya yaɗu, saboda haka idan yana bin wani bashi, sai wanda ake bin ya kawo masa kyautar ɗaurin tattaka, ko na sha'ir, ko na ciyawar dabbobi, kada ya karɓa. Ku duba, ya 'yan'uwa, ɗaurin ciyawa fa, ba buhun shinkafa ba, ba babur ba. Amma kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya ari ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ya kuma yabi masu kyautata biyan bashi. Bambancin shi ne, wancan ƙari ba a sharɗanta shi ba, ba a yi tallarsa ba, kuma sai lokacin biya ya zo. Garaɓasar da aka buga a allo aka kafa bakin titi, aka ce sai ka ajiye kaza na tsawon kwana kaza, babu mai cewa ba sharaɗi ba ce.

KASHE-KASHEN KYAUTAR DA HUKUNCINSU

Ba adalci ba ne mu haɗa kome a ƙwarya ɗaya mu ce duk haramun ne, domin haramta abin da Allah Ya halatta laifi ne kamar halatta abin da Ya haramta. Mun ga abin ya kasu gida huɗu.

Na farko, kyautar da aka ɗaura ta a kan yawan ajiya da daɗewarta. Misali, a ce ka ajiye N50,000 har wata uku a ba ka N2,000, ko kuwa wani sashe na manhajar waya da ke ƙara maka 'yan nairori kowace safiya gwargwadon abin da ka zuba. Wannan kuɗin ruwa ne tsagwaronsa, ko da an kira shi tukuici. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci, mai mazauni a Bahrain, ta hana har bankunan Musulunci ba masu irin wannan asusu kyauta saboda asusun kawai. Amma kyautar buɗe asusu ta sau ɗaya, wadda ba a sharɗanta mata ajiye ko sisi ba, kamar biro ko kalanda ko ɗan katin waya da ake ba kowa, malamai sun saɓa a kanta, kuma da yawansu sun sauƙaƙa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, domin barin shubuha shi ne kuɓutar da addini da mutunci.

Na biyu, ƙuri'ar cin miliyan ko mota. Masu tallarta sukan ce ai ba caca ba ce, tun da uwar kuɗinka tana nan. Mu kuwa muna cewa, da me aka sayi damar shiga ƙuri'ar? Da rancen da ka ba banki. Saboda haka kyautar ƙari ce a kan bashi, sai dai maimakon a raba wa kowa kaɗan-kaɗan, an tara an ba wanda ƙuri'a ta faɗa wa. Abin lura ne cewa an yi shekara da shekaru ana gayyatar jami'an hukumar kula da caca ta ƙasa su shaida fitar da irin waɗannan ƙuri'u. Mai hankali ya yi tunani a kan wannan.

Na uku, rangwame a kan saye. Ka sayi katin waya na N1,000, a maido maka da N20 ko N30, ko a yafe maka kuɗin tura kuɗi. Idan ba a sharɗanta sai ka bar wani adadi a asusu ba, wannan ya fi kama da gyaran da mai tumatir ke yi wa mai saye a kasuwar Jega, ko ragin da dillali ke nema wa baƙonsa. Ba mu ga laifi a cikinsa ba. Sai dai mutum ya kiyayi sayen abin da ba ya bukata domin kwaɗayin ragi, kada a kashe dubu don a tsinci ashirin.

Na huɗu, ladan jawo wani. Asalinsa halal ne, domin lada ne a kan aiki, irin wanda malamai suke kafa masa hujja da alkawarin kayan raƙumi guda da ya zo a cikin Suratu Yusuf ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Amma da sharaɗi biyu: abin da kake kiran mutane gare shi ya zama halal, kuma kada ka ɓoye musu gaskiya. Wanda ya jawo ɗan'uwansa zuwa ga asusun kuɗin ruwa ko manhajar rance mai ruwa, ya ci lada a duniya ya ɗauki kaso na zunubi. Wanda kuwa ya tattara katin shaidar mahaifiyarsa da matansa da almajiran unguwa ya buɗe asusu da sunansu ba da saninsu ba don ya kwashi lada, wannan ha'inci ne da cin amana.

LISSAFIN DA BA A BUGA SHI A ALLON TALLA

Ko da mun ajiye maganar halal da haram gefe, wanda ba za mu ajiye ba, lissafin kasuwa kansa yana nuna cewa araha ba ta ado. Mu ɗauka an ba mutum N2,000 domin ya buɗe sabon asusu. Bisa jadawalin cajin Babban Banki da ya fara aiki a 2020, katin cirar kuɗi N1,000 ne, kula da katin asusun ajiya kuma N50 duk wata uku, watau N200 a shekara. A 2025 bankuna da yawa sun mai da kuɗin saƙon sanarwa N6. Idan saƙo 10 kawai yake samu a wata, N720 ke nan a shekara. Jimla N1,920, tun ba a sa harajin da ke bisa cajin ba, ba a sa kuɗin mota daga ƙauyen Maiyama zuwa reshen banki ba, ba a sa yinin da aka ɓata a layi ba. Ga harajin N50 a kan tura kuɗi daga N10,000 zuwa sama, wanda aka faɗaɗa shi zuwa kamfanonin waya a Disamba 2024. Ga N100 a kan kowace N20,000 da aka cira a na'urar wani banki, tun daga Maris 2025. Kyautar ta koma inda ta fito, har da rakiya.

Mai jiran ƙuri'a kuwa asararsa ta fi haka. A Disamba 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara. A irin wannan hali, wanda ya daskarar da N100,000 wata uku, abin da kuɗin ke iya saye ya ragu da kimanin N7,000, ko an ci ko ba a ci ba. Manomin Aliero ya fi kowa sanin cewa albasar da aka saya da arha lokacin cira, aka adana a rudu har ta yi tsada, tana iya kawo riba ta halal, duk da ruɓewar da ake samu. Ina dalilin barin wannan a zauna jiran sunan da za a zaro daga cikin dubban ɗaruruwan sunaye?

Akwai kuma hatsarin da ya fi na kuɗi. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan matasan da ke yawo suna sayen lambobin BVN da NIN na mutane a kan N1,500 zuwa N2,000, ana buɗe asusu da su ana aikata zamba. Ranar da aka bi sawun kuɗin sata, ƙofar mai suna za a ƙwanƙwasa, ba ta wanda ya saya ba. Muna jan kunnen ɗalibanmu na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da na kwalejin kiwon lafiya ta Jega, da iyayenmu na karkara: lambar BVN kamar hatimin mutum ce, ba a sayar da ita, ba a ba da aronta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kada kuma mu manta da tarihi. Dattawanmu suna tune da bankuna 26 da aka rufe a Janairu 1998. Matasa sun ga rushewar MMM a ƙarshen 2016 da ta CBEX a 2025, kuma dukansu da alkawarin garaɓasa da ladan jawo wani suka tara jama'a. A Yuni 2024 an soke lasin bankin Heritage. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta ɗaga abin da take lamunce wa mai ajiya a 2024 zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Dillalin da kuɗin mota biyu ta albasa ke kwana a asusunsa ya san wannan iyaka tun kafin ya bi kyauta.

TO, YAYA ZA A AMFANA?

Ba muna cewa kada a sauya banki ba. Hasali ma muna ganin gasar nan ni'ima ce ga mai ajiya idan ya san darajar kansa, domin shi ake nema, ba shi ke nema ba. Sai dai ladan da ya kamata Musulmi ya nema wajen sauyawa ba 'yan dubban rana ɗaya ba ne. Ga shawarwarinmu.

Na ɗaya, ya fara da neman tsarkin dukiyarsa. A da muna da uzurin cewa babu zaɓi. Yanzu kuwa, tun bayan da Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa a 2011, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, Alternative Bank a 2023. Wanda ya sami hanyar komawa irin waɗannan, wannan ita ce sauyawar da ta fi kowace lada. Amma ko a can ya tambaya: asusun nan na rance ne, ko na mudaraba, watau ƙawancen jari da aiki? A na mudaraba ana raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, kuma ana iya faɗuwa. Suna kaɗai ba ya halatta ciniki.

Na biyu, wanda larura ta sa ya riƙe asusu a bankin ruwa, domin ta nan albashinsa ke shigowa ko abokan cinikinsa na kudu ke turo kuɗi, ya tsaya iyakar larura, ya nemi a cire masa ruwa a rubuce, ya kashe duk wani sashe na manhaja da ke ƙara masa kuɗi kullum.

Na uku, ya auna banki da ma'aunin ɗan kasuwa. Nawa suke cira a wata? Kuɗi na shiga nan take ranar kasuwa, ko sai mai saye da mai sayarwa sun yi cirko-cirko suna jiran alat har magariba? Idan kuɗi ya maƙale, akwai wanda za a je a gani a Jega ko Birnin Kebbi? Suna da lasin Babban Banki da inshorar NDIC? Bankin da ya rage maka cajin N300 kowane wata ya ba ka N3,600 a shekara, ba tare da shubuha ba.

Na huɗu, kada ya sa hannu ko ya danna amincewa sai an karanta masa sharuɗɗa. Wanda bai iya Turanci ba ya nemi amintacce ya fassara masa, ya kuma yi tambaya guda: in ban ajiye kome ba, za a ba ni wannan kyauta? Amsar ita za ta raba masa gardama.

Na biyar, kada ya tara asusu barkatai. Biyu sun isa, in ɗaya ya sami matsalar sadarwa a juya ga ɗaya. Wanda aka daina amfani da shi a je a rufe shi, domin asusun da ya shekara ba a taɓa ba ana ɗaukar sa a matsayin mai barci, kuma sau da yawa irinsu ne magada ba su san da su ba, haƙƙin marayu ya maƙale.

Na shida, wanda ya riga ya karɓi abin da ya gane kuɗin ruwa ne, ya tuba, ya fitar da shi ga matalauta ko wata maslahar jama'a, kamar yadda malamai da yawa suka yi fatawa, da niyyar tsarkake dukiyarsa, ba da niyyar sadaka ba, domin Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki.

KIRA

Muna kira ga malamanmu da limamanmu a Jega da Aliero da Maiyama da su koyi yadda waɗannan ma'amaloli suke gudana kafin su yi fatawa, su kuma keɓe wa babin ciniki lokaci a majalisun karatu kamar yadda suke keɓe wa babin tsarki da salla. Muna kira ga shugabannin 'yan kasuwar albasa da na shinkafa da su yi magana da murya ɗaya: jama'ar da ke juya miliyoyi kowace kaka tana da ƙarfin da za ta ce wa banki ba ma son ƙuri'a, a rage mana caji, a kawo mana reshe kusa, a ba mu jari ta hanyar da shari'a ta yarda. Muna kira ga 'yan'uwanmu masu POS da ma'aikatan banki da su ji tsoron Allah, su faɗa wa tsoho da tsohuwa gaskiyar abin da suke sa hannu a kai.

Manomin da ya sha sanyin fadama yana ban ruwa tun asuba, ya sami kuɗinsa da guminsa, bai kamata ya bari naira dubu biyu ta gurɓata masa shi ba. Kaɗan mai albarka ya fi mai yawa da aka cire wa albarka.

Allah Ya wadatar da mu da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa, Ya sanya albarka a gonakinmu da kasuwanninmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.